Agogon Baba da Madam Tamara

Ƙarfe uku da rabi na yamma ne, ranar wata Lahadi a tsakiyar sanyi. Na tabbatar da lokacin don agogon cocin da ke bayan gidanmu ya buga daidai ina hawan matakala, na kai hannu in gwada shi da nawa kamar yadda na saba, sai na ji fata kawai. Ban damu ba, don na san inda na ajiye shi. Akwai ɗan faranti a kan teburin karatuna, nan nake sa shi duk lokacin da zan yi alwala. Na tura ƙofar ɗakina na dubi farantin, babu komai a ciki.

Agogon nan shi ne wanda kuka sani, na zinariya mai baƙin maɗauri. Tun kuna yara kuke jin ana cewa wata 'yar Rasha ta taɓa sace shi a Landan, daga baya tsoro ya sa ta dawo da shi. An sha faɗar haka a gabana a wurin biki da suna, na yi shiru, don masu faɗar manyana ne. Yanzu duk sun rasu, Allah Ya jiƙansu, ni ma shekaru sun ja. Ba na so in tafi in bar ku da wannan labari a yadda yake, saboda akwai sunan wata baiwar Allah a ciki, kuma ba ta da kowa a cikinmu da zai tsaya mata sai ni.

Lokacin da na tafi karatu kuɗin man fetur ya cika ƙasa, gwamnati tana ta tura ɗalibai waje. Ni ba ni da wata bajinta sai karatu. Ba na iya magana a cikin mutane, in an tambaye ni sai muryata ta maƙale, amma in ka ba ni littattafai ɗari in jera, ba za ka sami ɗaya a inda bai dace ba. Aikin da na je koyo ke nan, tsarin ɗakin karatu. A filin jirgin Kano, ana cikin sallama, Baba ya kwance agogon daga hannunsa ya ɗaura mini. Ashe tun a gida ya sa an ƙara wa maɗaurin huji don ya zauna a siririn hannuna.

"A can ba za ki ji ladan ba," in ji shi. "Wannan ne zai riƙa kiran ki salla."

Baba ba ya kyauta da baki. Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini a kan tafiyar gaba ɗaya.

Na sami ɗaki a wani siririn gida mai hawa huɗu a Bloomsbury, kusa da makarantarmu. Mai gidan wata Baturiya ce, Misis Holt, gwauruwa, wadda take zaune a ƙasa ƙofarta a ɗan buɗe don ta ga mai shiga da mai fita. A ɗakin da ke saman nawa akwai Madam Tamara. Doguwar tsohuwa ce mai farin gashi a naɗe, tana gyaran tufafi, kullum da allura a soke a ƙirjin rigarta. Ba wanda ya san yaushe ta baro Rasha, ko ta yaya. Kwaɗo biyu ne a ƙofarta, kuma in an ƙwanƙwasa ba ta buɗewa sai ta ji suna. Satin farko da zuwana ta kawo mini wata jar miya a kwano, na karɓa na yi godiya, na zubar a ɓoye don ina tsoron naman alade. Ban san yadda ta gane ba, amma ba ta sake kawo miya ba, sai shayi baƙi da ɗan zaƙi a cokali. Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, shayi da gaisuwa a matakala.

Ran nan mutum biyu ne suka shiga ɗakina. Na farko Tijjani, ɗan Goggo Hauwa ƙanwar Baba, wato taubashina. Ma'aikatarsa ce ta turo shi kwas a can arewacin Ingila, ya yada zango a Landan ya biyo ya gaishe ni. Tijjani tun muna yara bakinsa ba ya hutawa. Da yake ni 'yar namiji ce shi ɗan mace, bawana nake ce masa, shi kuma ya kira ni uwar ɗakinsa ya bi ni da zolaya.

"Uwar ɗakina, wannan ne ɗakin? Wallahi akurkin kajin Inna ya fi shi faɗi. Mu muna can muna cewa kin zama Baturiya, ashe a akwati kike kwana."

"Bawa ba ya raina ɗakin uwargijiyarsa," na ce. "Zauna a ƙasa inda ya dace da kai."

Na dafa masa shinkafa da kifin gwangwani, ya ci yana kushewa har ya cinye. Da la'asar ta yi, wadda a sanyin can take zuwa da wuri, na cire agogon na sa a faranti, na tafi banɗaki a ƙarshen baranda na yi alwala. Da na dawo na tarar da mutum na biyu. Madam Tamara ce a tsaye a kan kujera a bakin taga, da ƙunshin auduga da yankakkun takardu da kwanon ƙullun fulawa. Tun kwanakin baya ta ji ni ina tari, ta ce iska ce take shigowa ta gefen tagar, kuma a ƙasarsu in sanyi ya kama ana cusa auduga a kowace kafa a liƙe da takarda. Ta yi alkawarin za ta zo, ga shi ta zo. Na yi salla a gefe. Ina sallamewa Tijjani ya miƙe yana cewa jirgi zai tafi ya bar shi. Na yafa mayafi da kwat na fita raka shi tasha, na bar ƙofar a buɗe da tsohuwar a ciki, kamar yadda za a yi a gida. Ba ka ce wa mai yi maka aikin alheri ya fita za ka kulle. Da na dawo ta gama ta tafi, tagar ta liƙu tsaf, farantin kuwa fayau.

Na bincike ɗakin nan kamar yadda aka koya mini neman littafin da ya ɓace a kanta. Na fara daga ƙofa na bi bango, na ɗaga katifa, na zazzage kowane takalmi, na warware sallaya, har kwandon shara na juye ko ya faɗa cikin ragowar audugar. Da na gama na sake daga farko. Daga nan na zauna a bakin gado, tagar da ba ta ƙara shigo da iska tana gabana, na fara tunanin abin da ba na son tunani.

Waliyyina a Landan Kawu Bala ne, ƙanin mahaifiyata, likita. Suna zaune da matarsa Anti Binta a wani flat a bayan Old Kent Road. A shekarun nan gidan ba ya rabuwa da baƙi daga gida, masu zuwa sayayya da asibiti, falo cike da akwatuna da kwalayen talabijin, sai ka tsallake leshi kafin ka sami wurin zama. Ranar Asabar na je kamar kullum. Ina wanke hannu za a ci abinci Anti ta kama wuyan hannuna.

"Ma'u, ina agogon Alhaji?"

Ba na iya ƙarya, don haka na faɗa mata duka, daga alwala har rakiya. Ta saki hannuna ta tafa.

"'Yar Rasha! Kika bar 'yar Rasha ita kaɗai a ɗakinki da zinariya a faranti? Ke wai karatun nan ina yake zuwa ne? Mutanen da ba su san Allah ba! A ƙasarsu fa ba wanda yake da abin kansa, in ka ga abu ka ɗauka kawai, haka gwamnatinsu ta koya musu."

Wani Alhaji da ya zo ganin likitan ido ya sa baki daga kan kujera, ya ce shi ya ji ko matan aure ma na kowa ne a can. Kawu ya ce lokacin yaƙin basasarmu dai su suka ba mu jirage da Turawa suka hana.

"Sayarwa suka yi, Dakta, ba sadaka ba," in ji Anti.

Na tattara ƙarfin halina na ce, ai mutum biyu ne suka shiga ɗakin. Anti ta dube ni kamar na zagi wani.

"Au, ɗan'uwanki na jini za ki ɗora wa sata ki bar kafira? Yaron da gwamnati ta turo, mai albashi? Kada in ƙara jin wannan magana. Ranar Litinin ki je police station ki yi report, su je su juye ɗakinta. In ba za ki iya buɗe baki ba ni zan raka ki."

Kawu ya fi ta sanyi, amma wuri ɗaya suka dosa. Ya kira ni gefe ya ce ba don zinariyar ba ne. Ya ce amanar Alhaji ce a hannunsa, ni da agogon duka, in labari ya je gida dole a ce an yi wani abu. Ya ce a ƙasar nan kai ƙara ba abin kunya ba ne, aikin 'yan sanda ne su bincika, in ba ta ɗauka ba ai shi ke nan. Na ce to. Tijjani kuwa ba ni da adireshinsa, kuma ko da ina da shi ban san da wane baki zan tambaye shi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, a makon da ya biyo baya idona ya koma wani iri. Duk abin da Madam Tamara ta yi sai in ga alama ce. Mun haɗu a matakala ta tambaye ni ko iska ta daina shigowa, na ce ta daina, sai na ga idonta ya sauka a wuyan hannuna, ya tsaya, ta kawar da kai ta wuce. Na tambayi kaina, yaya aka yi ta san inda za ta duba? Wata rana na gan ta a wayar tarho ta ƙasan matakala tana magana da yarensu ƙasa-ƙasa, tana ganina ta juya baya. Wata ranar kuma na hango ta ta fito daga wani shagon da ake jinginar da kaya, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Na jira ta yi nisa na je na leƙa ta gilashi, na bi agogunan ɗaya bayan ɗaya, nawa ba ya ciki, amma na ce a raina ai ba dole ne su fito da shi nan da nan ba. Shayin da ta kawo mini a makon na karɓa a bakin ƙofa, ban ce ta shigo ba. Jaridun lokacin kullum da labarin 'yan leƙen asirin Rasha, a makaranta ma in an ambaci Rashawa sai a rage murya ana dariya. Ni da ban taɓa sanin ko ɗaya ba sai ita, na wayi gari ina jin kamar na daɗe da sanin halinsu.

Ranar Alhamis da safe, don Anti ta riga ta bugo waya ta ce haƙurinta ya kusa ƙarewa, na sa kwat na tafi ofishin 'yan sanda. Na zauna a benci har layi ya zo kaina. Ɗan sandan da ke kan kanta wani mai jan fuska ne, yana jin bayanina yana kallon ƙofa. Agogo, ɗakin haya, ƙofa a buɗe. Ya ce irin wannan ba a cika samu ba, amma zai rubuta in ina so. Ya tambaya ko akwai wanda nake zargi. Na ce akwai maƙwabciya da ta shiga, tsohuwa ce, 'yar Rasha.

Sai ya daina kallon ƙofa. Ya gyara tsayuwa ya jawo alƙalami.

"'Yar Rasha? Mene ne sunanta? Tun yaushe take ƙasar nan? Kin san ko takardunta daidai suke?"

Agogon ya fita daga maganar gaba ɗaya. Na tambaye shi, in na ba da sunan me zai faru da ita. Ya ce za su je su yi mata tambayoyi, su duba ɗakin, kuma akwai wasu a sama da za su so su san da zamanta. Ya faɗa da fara'a, kamar yana yi mini albishir.

Wannan kallon na san shi. Shi ne kallon da ake yi mini a manyan kantuna, in na shiga sai wata ma'aikaciya ta bar abin da take yi ta biyo ni tana gyara kayan da ba su karkace ba. Na tsaya a gaban kantar nan na yi abin da na iya, na jera abin da na sani a zuciyata kamar yadda nake jera katin littattafai. Na ga agogo a faranti. Na ga farantin babu agogo. Tsakanin biyun ban ga komai ba. Kallon hannu, da waya, da shagon jingina, ba ko ɗaya da zan iya rantsuwa a kai cewa sata ce. In na faɗi sunanta, agogon ko ya dawo ko bai dawo ba, amma ita abin da zai same ta ba zan iya janye shi ba. In kuma ban faɗa ba, na san abin da ke jirana a Old Kent Road da kuma a Kano.

"Ka yi haƙuri," na ce. "Zan sake dubawa a gida."

Ya ce in bar sunan dai ko da hakan. Na ce na manta yadda ake rubuta shi. Na fita.

Anti ba ta yi mini faɗa ba da na gaya mata, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "To, madalla." Washegari ina makaranta ta hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta zo gidanmu da kanta. Wani ɗalibi ɗan Indiya da ke hawa na biyu ya ba ni labari. Ta tsaya a ƙasan matakala tana ɗaga murya da Turanci, tana kiran 'yan sanda, tana cewa akwai ɓarauniya a gidan nan kuma kowa ya san ƙasar da ta fito. Madam Tamara ba ta buɗe ƙofa ba. Misis Holt kuwa abin da take jira ke nan. Da na dawo ta tare ni a baranda.

"Da kin gaya mini tun farko, yarinya. Na daɗe ina cewa irin mutanen nan ba a san wa suke yi wa aiki ba. Gidana gidan mutunci ne, ba na son 'yan sanda a ƙofata. Na ba ta notis ta tashi."

Na ce ban zarge ta ba, ban kai ƙara ba, ba ni da shaida. Ta shafa kafaɗata ta ce ni yarinyar kirki ce. Na hau sama na ƙwanƙwasa ƙofar Madam Tamara na faɗi sunana. Na ji motsinta a ciki, ba ta buɗe ba. Kafin ƙarshen wata wata ƙaramar mota ta zo ta kwashe keken ɗinkinta da akwatuna biyu, ina kallo ta tagar da ta liƙe mini, wadda ba ta buɗuwa.

Ta ɓangaren gida ma ban tsira ba. Kawu ya daina kirana gefe mu yi hira, gaisuwa kawai. Baƙin da suka koma suka kai labari cewa na yi sakaci da agogon Alhaji kuma na hana a kama ɓarauniyar. Wata Hajiya da ta zo daga baya ta kawo mini saƙon Baba da baki, ya ce yana gaishe ni, in kula da salla. Bai ambaci agogo ba ko da kalma ɗaya. Na gwammace da zagina ya yi. Sallar kuwa da agogon coci nake yin ta.

Sanyi ya fara sassautawa lokacin da Tijjani ya gama kwas ɗinsa ya biyo ta Landan zai koma gida. Na ji muryarsa tun daga ƙasa yana yi wa Misis Holt Turancinsa. Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa irin na wasa, ya ja hannun kwat ɗinsa sama ya miƙo mini hannu. Agogon Baba ne a ɗaure.

"Uwar ɗakina, bawanki ya gaji da jira. Wace irin rowa ce wannan? Cika-ciki ya zo ya wuce, ko ki aiko a fanshi kayanki. Agogon kawuna ne dai, in ba ki biya ni sharata ba da shi zan tafi."

Ku na yanzu ba lallai ku san wannan ba. A watan cika-ciki, farkon shekarar Musulunci, 'ya'yan namiji suna ba taubasansu 'ya'yan mace abin da ake kira kuɗin shara. In ka yi nawa, taubashinka ya ɗauke maka hula ko takalmi ko duk abin da hannunsa ya kai, sai ka fansa. Ni da Tijjani mun yi wannan tun ba mu da wayo, ya taɓa ɓoye mini allo har na yi kuka. A gida da na ga farantin babu komai dariya zan yi in aika a kamo shi. Amma a Landan ba wanda ya ga wata, ba wanda ya dafa abincin cika-ciki, ni lissafina duk ya koma na zangon karatu. Ban san watan ya kama ba, su Anti ma ba su tuna ba. Shi kuwa da ya taso daga gida a cikinsa, bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai Bahaushen da zai manta ba.

Ban yi dariya ba. Na gaya masa abin da ya faru tun daga farko. Yana ji yana kwance agogon, har ya zauna a ƙasa da gaske. Muka tafi gidan Kawu tare. Kawu ya saurara ya riƙe kai, sannan ya ce maganar ta tsaya a nan, don in ta je gida za ta ɓata tsakanin Baba da Goggo, kuma yaron yana neman aure. Na ce matar fa? Anti ta ce, "Ke dai agogo ya dawo, ki gode wa Allah. Ita ma ai da ta sami dama da ta ɗauka." Baƙin da ke falo suka ga agogo a hannuna suka tambaya, ta ce an dawo da shi. Suka ce 'yar Rashan? Ta ce, "Uhm." Daga wannan uhm ɗin labarin da kuka gada ya fito.

Misis Holt da na gaya mata ta ce abin takaici ne, amma ta riga ta ba wani ɗakin, kuma ba ta san inda tsohuwar ta koma ba. Na tuna akwai wani shago da take sayen baƙin burodi. Na je na tambaya, mai shagon ya dube ni ya ce bai san ta ba. Na koma, na sake komawa, ina sayen burodin da ba na iya ci, har ran nan matarsa ta faɗa mini sunan wani titi a yammacin gari ba tare da ta kalle ni ba.

Na same ta a bayan wani shagon wankin kaya, a wani lungu mai tururi, tana rage tsawon wando. Ta rame. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ci gaba da ɗinki. Na tsaya na yi mata bayani da Turancin da ke ta kakkarye mini, na taubashi da shara da watan da na manta, na ce ban ba 'yan sanda sunanta ba, na ce ta yafe mana. Ta saurara har na gama.

"Wasa ne ashe," in ji ta. "Na ga yana dariya lokacin da ya sa shi a aljihu. Ban san wasa ba ne."

Na ce ta gani? Ta ce tana bakin ƙofa da audugarta ya ɗauka, har ya kashe mata ido.

"To don me ba ki faɗa ba? Ko ni kaɗai ai kya gaya mini. Kin rasa ɗakinki, an kira ki ɓarauniya, alhali kalma ɗaya ta isa."

Ta cije zaren ta yanke, ta soke allurar a ƙirjin rigarta.

"Da farko na ce tsakaninku ne, ba ruwana. Daga baya matar nan ta zo tana kiran 'yan sanda a matakala. Yaro baƙi, baƙo a ƙasar nan, da zinariya a aljihu. Ni a gidan da na girma, wata maƙwabciya ta faɗa wa hukuma sunan yayana sau ɗaya, ba mu ƙara ganinsa ba. Ba na faɗar sunan mutum a gidan da ake kiran 'yan sanda. Ɗaki kuwa ana samun wani."